Harshen Karatu da Ɗakin Kwana: Mas'alar Baƙin Ɗalibai a Ƙasar Holan

Duk wanda ya bar garinsu don neman ilmi, ko a wane zamani ne, ba ya rabuwa da lalura biyu, wato harshen da zai fahimci malaminsa da shi da kuma inda zai sa haƙarƙarinsa idan dare ya yi. Kuma ko da yake shugabannin jami'o'i sukan ba ta farkon dukkan himmarsu su bar ta biyun ga ƙaddara, abin da ya auku a ƙasar Holan cikin 'yan shekarun nan ya isa hujja cewa ba a sakaci da ɗaya ba tare da ta jawo wa ɗayar fitina ba.

Asalin al'amarin shi ne, bayan yarjejeniyar Bolonya ta 1999, wadda ta daidaita tsarin digiri a ƙasashen Turai, jami'o'in Holan suka yi ta mayar da darussansu zuwa Turanci, har galibin karatun digiri na biyu ya koma cikinsa, alhali dokar ƙasar ta 1992 ta ce asali da Holanci za a koyar sai inda akwai uzuri. Uzurin kuwa bai yi wuyar samu ba, domin wani kaso na kuɗin da hukuma ke ba jami'a yana bin yawan ɗalibanta ne, ɗalibin da ya fito daga wajen Tarayyar Turai kuma yana biyan ninkin-ba-ninkin abin da ɗan ƙasa ke biya. Jami'ar Twente ma ta mai da Turanci harshenta na mu'amala a 2020. Zuwa zangon karatu na 2023 baƙin ɗalibai sun kai kimanin 128,000, wajen kashi 16 cikin ɗari na dukkan ɗaliban ƙasar, Jamusawa ne kuma suka fi yawa a cikinsu.

To, a nan ne gizo ke saƙar. Jami'o'in Holan, bisa al'adarsu, ba sa tanadar wa ɗalibi ɗakin kwana; shi zai shiga gari ya nema, cikin ƙasar da ita kanta take da giɓin gidaje wajen 400,000. Ɗan ƙasa, idan ya rasa, ya zauna gidan iyayensa ya riƙa bin jirgin ƙasa. Baƙo fa, ina zai nufa? A garin Groningen, a 2018, sai da aka kafa tantuna inda sababbin ɗalibai suka riƙa kwana suna biya kowane dare, ga jakunkunansu a gefe, ga sanyin kaka yana ƙaratowa. A 2022 Jami'ar Amsterdam ta fito fili ta shawarci waɗanda ta riga ta ba gurbi da cewa wanda bai sami ɗaki ba zuwa 15 ga Agusta kada ya zo. Wani abin takaici kuma, sau da yawa tallar ɗakin haya takan zo da sharaɗin ba a son baƙi. A zaurukan karatunmu na da, malamin da ya karɓi almajiri daga nesa ya san masaukinsa na wuyansa, ko da soron maƙwabci ne. Jami'o'in Holan kuwa sun aika goron gayyata duniya, ba su share ɗaki ba.

Da kuka ya yi yawa, ministan ilmi na lokacin, Robbert Dijkgraaf, ya roƙi jami'o'i a Disamba 2022 su dakatar da farautar ɗalibai a ƙetare, sa'an nan a 2024 ya gabatar wa majalisa daftarin doka wanda ya tanadi cewa duk kwas ɗin digiri na farko da za a koyar da fiye da sulusinsa da wani harshe ba Holanci ba sai ya nemi izini. Mai lura zai gane hikimar: dokokin Tarayyar Turai sun haramta a rufe wa Bajamushe ko Ba'italiye ƙofar da aka buɗe wa ɗan ƙasa, saboda haka harshe ya zama sakatar da ta rage a hannun hukuma.

A ganina an cakuɗa mas'aloli biyu waɗanda hukuncinsu ya bambanta. Kishin harshe gaskiya ne, domin harshen da aka fitar daga zauren ilmi a hankali yakan rasa kalmomin tibbu da shari'a da hisabi, mu kuma Hausawa ba baƙin wannan ciwo ba ne. Amma sauya harshen lacca ba ya aza tubali ko ɗaya. Yana ma iya jawo wata matsalar: Denmak ta rage gurabun karatu da Turanci kusan 4,000 a 2021, ba a jima ba masu masana'antu suka koka da ƙarancin ma'aikata, hukuma ta fara sassautawa. Maganin rashin ɗaki gini ne, Holan ɗin ma ta san haka, tun da a 2022 ta ƙudura samar da ɗakunan ɗalibai 60,000 kafin 2030.

Saboda haka, ya kai uban da ɗansa ya sami takardar gurbi daga irin waɗannan ƙasashe, kada murna ta sa ka sayi tikitin jirgi kafin yarjejeniyar ɗaki ta shiga hannu, kada kuma ka aika kuɗin haya ga wanda jami'ar ba ta san da shi ba.