Labarin Tsoro da Mutuwa a Littattafan Matasa: Misali daga Ƙasar Birnin Gwari

1. Tambayar

Akwai wata tambaya da malaman Hausa su kan yi wa juna in an zo zaɓen littattafan da za a karantar a makarantun sakandare da kolejojin horon malamai, watau ko ya kamata a sa wa matasa littafi mai labarin kisa, da satar mutane, da bauta, da irin waɗannan al'amura masu nauyi. Waɗansu sun ce bai kamata ba, gama icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi, abin da yaro ya karanta kuwa shi zai zauna masa a zuciya. Waɗansu kuma sun ce ɓoye wa yaro abin da ke bakin ƙofarsu wahalar banza ce.

Ba mu kaɗai ke wannan gardama ba. A Amurka an daɗe ana yin ta, tun bayan da S. E. Hinton ta fitar da The Outsiders a 1967, mai labarin faɗan ƙungiyoyin samari, har ta sake tashi da ƙarfi a 2011 bisa ga wani sharhi na jaridar Wall Street Journal. Amma kowace ƙasa da irin yaranta. Saboda haka na ga ya fi kyau mu ɗauki ƙasa guda tamu, mu auna tambayar a kanta. Na zaɓi Birnin Gwari da dajinta. Da na ce matasa kuwa, ina nufin samari da 'yan mata daga balaga zuwa wajen shekara 19.

2. Abin da yaron ya riga ya sani

Birnin Gwari tana yammacin Jihar Kaduna, ta yi iyaka da Zamfara da Katsina da Neja. A ƙasarta dajin Kamuku ya ke, wanda aka keɓe tun 1936, aka mai da shi gandun daji na ƙasa a 1999, ya kuwa haɗe da dajin Kuyambana na Zamfara. Cikin wannan daji ɓarayin shanu suka yi sansani, har abin ya girma ya koma tare hanya da kwasar mutane. A watan Mayu na 2018 an kashe mutum fiye da 40 rana ɗaya a ƙauyen Gwaska. Ran 17 ga Fabrairu 2021 aka shiga kwalejin kimiyya ta Kagara, a ƙasar Neja mai maƙwabtaka, aka kashe ɗalibi ɗaya, aka tafi da 27 tare da waɗansu malamai da iyalinsu. A ƙarshen Mayu na shekarar nan aka kwashe yara fiye da 100 daga wata Islamiyya a Tegina, suka yi kusan wata 3 a daji. Ran 7 ga Maris 2024 aka kora 'yan makarantar Kuriga, a kan hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari, aka dawo da 137 bayan mako 2 da 'yan kwanaki. A ƙarshen 2024 Gwamnatin Jihar Kaduna ta yi sulhu da waɗansu shugabannin 'yan bindiga, aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari. To, wanda ya ke ɗan shekara 16 a yau a wannan ƙasa, cikin waɗannan shekaru ya yi wayo.

Mai nazarin harshe ba ya bukatar a ƙidaya masa gawa kafin ya gane zurfin abin, kalmomin da ke bakin yara sun ishe shi. Ɗauki kalmar daji. A da, wurin itace ne da kiwo da farauta, a tatsuniya kuwa gidan kura da dodo. Yanzu in an ce an shiga da wane daji, ba mai tambayar ma'ana. Garkuwa makamin kāre kai ne da a kan yi da fata, yau kuwa da mutum a ke yin ta. Haraji na hukuma ne, amma manoma sun san wani harajin da su kan biya kafin a bar su su girbe gonarsu. Sa'an nan ga hari, da samame, da fansa. Waɗannan uku tsofaffin kalmomi ne na zamanin bauta, sa'ad da dangi su kan tara dukiya su fanso ɗan'uwansu, ko bawa ya fanshi kansa. Sun yi shekaru suna kwance cikin littattafan tarihi, ga su sun dawo kasuwa da ma'anarsu ta asali. Yaron da ya iya sarrafa waɗannan kalmomi duka, ba littafi ne zai fara buɗe masa ido ba.

3. Abin da magabata suka yi

Tatsuniya ita ce adabin yara na farko a ƙasar Hausa, kowa kuwa ya san ba ta rasa dodo mai haɗiye mutane, da kishiyar uwa mai azabtar da marainiya, da kura mai cin 'ya'yan wani. Da dare a ke yin ta, yaro yana jingine da kakarsa, in an gama kuma a rufe da ƙurunƙus, kowa ya san an fito daga duniyar ƙarya. Tsoron yana da ƙofar shiga da ƙofar fita.

Rubutaccen ƙagaggen labari kuwa ya samo asali daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, don a sami abin karantawa ga waɗanda suka koyi boko. Littattafai 5 suka fito daga cikinta: Ruwan Bagaja, da Ganɗoki, da Shaihu Umar, da Idon Matambayi, da Jiki Magayi. Abin lura a nan shi ne, biyu daga cikin mawallafan, Malam Bello Kagara da ƙanensa Abubakar Imam, 'yan Kagara ne, garin nan da aka kwashi ɗalibai a 2021. Ƙasar kuwa ba baƙuwar hari ba ce, gama Umaru Nagwamatse da ɗansa Ibrahim, sarakunan Kwantagora, sun daɗe suna kamun bayi a ƙasashen Gwari da Kamuku kafin Turawa su ci Kwantagora a 1901.

Duba Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka daɗe ana karantarwa a makarantu. Shi ma daga wani gari mai suna Kagara labarin ya tashi. Tun farkonsa sarki ya aika da mahaya su kai hari ƙasar Gwari su kamo bayi. An sace Umar yana ƙaramin yaro, kura ta cinye wanda ya sace shi, aka sake kama shi a wani harin, aka kai shi Kano, aka ƙetare hamada da shi. Uwarsa ta bi sawunsa, ita ma aka bautar da ita, ba ta sake ganinsa ba sai dab da mutuwarta. A Jiki Magayi kuma, na John Tafida da East, gaba a kan mace ta sa aka yi wa yaro sammu tun bai san kome ba, ya tashi ɓarawo, ya kashe ubansa bai sani ba. Waɗannan su ne littattafan da kakanninmu suka karanta a makarantar midil, ba mu ji an ce sun lalace ba.

Har wa yau, in mun duba tarihin hana littattafai a ƙasar nan, za mu ga soyayya aka fi jin tsoro bisa ga jini. Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, wanda ya fito a 1982, cike ya ke da kashe-kashe. Amma littattafan da Gwamnatin Kano ta sa aka ƙone a 2007, bayan an karɓe su daga hannun 'yan makarantar mata, na soyayya ne. Ashe ba nauyin batu kaɗai ke tayar mana da hankali ba.

4. Ma'auni uku

Tun da ya ke haka ne, tambayar da ta rage ita ce yadda za a faɗi abin. Ina ganin akwai ma'auni uku da malami zai iya ɗora kowane littafi a kai, dukansu kuwa daga cikin adabinmu na ciro su.

Na fari, ina mai ba da labari ya ke zaune? Shaihu Umar da bakinsa ya ke ba da labarinsa, yana dattijo, malami, almajiransa na kewaye da shi. Tun shafin farko mai karatu ya san yaron nan da za a sace ya rayu, ya yi ilmi, ya zama abin girmamawa. Duk wuyar da za ta biyo baya, wannan sani yana riƙe da shi kamar yadda cinyar kaka ke riƙe da mai jin tatsuniya. Ga yaron Tegina ko na Kuriga wannan ba ƙaramin abu ba ne, gama abin da ya fi bukata ya ji shi ne, wanda aka shiga da shi daji yana iya fitowa ya zama mutum. Ba na cewa dole kowane labari ya ƙare da daɗi, ai uwar Umar ta mutu. Abin nufi, kada a rufe littafi a bar mai karatu a tsakiyar daji ba hanya.

Na biyu, sakaya zance. Hausa tana da hanyar faɗin abu mai nauyi ba tare da ta tsiraita shi ba. Mu kan ce wane ya riga mu gidan gaskiya, ko an ci mutuncin wance, ko an yi masa aika-aika, kowa kuma ya fahimta. Waɗansu su kan ɗauka wannan ragwanci ne, alhali kuwa dabara ce mai amfani ƙwarai a aji. Zance sakayayye kowa da gwargwadon abin da zai ɗiba daga ciki: wanda bai san abin ba ya sami iyakar abin da zai iya ɗauka, wanda ya gani da idonsa kuwa ya gane an san da shi, ba a kuma tilasta masa ya sake kallo ba. Marubucin da ya tsaya yana ƙidaya sara da suka filla-filla, ya ƙwace wa mai karatu wannan zaɓi. Amma fa sakayawa dabam, ƙarya dabam. In an yi kisa a ce an yi kisa, yadda aka yi shi ne a kan rufa wa mayafi.

Na uku, wa a ke yi wa kirari? Wannan shi ne mafi hatsari a zamaninmu. Adabinmu yana da tsohuwar al'adar wasa jarumi, Ganɗoki kansa da kirari da bugun ƙirji ya ke ba da labarin yaƙe-yaƙensa, har ma an yi makaɗa irin su Gambo waɗanda suka yi suna wajen yi wa ɓarayi waƙa. Saurayi kuwa, kowa ya sani, yana son a ce shi namiji ne. A ƙasar da ɗan bindiga ke da babur da kuɗi, manomi kuwa ba shi da ko ɗaya, littafin da ya ba ɗan bindiga kalmomin jarunta, ko da ya kashe shi a shafin ƙarshe, ya riga ya yi ɓarna. Sai malami ya duba wa aka ba sifofin yabo, wa kuma aka bari ba suna, ba fuska, sai dai a ce mutum 10 sun mutu. Haka kuma ya duba sunan da aka kira mai laifi da shi. In littafi ya ajiye kalmar ɓarawo ya ɗauki sunan kabila, ya zalunci Fulanin da su ma aka kore musu shanu aka kashe musu dangi, ya kuma raba aji biyu, gama ɗan Bafillace da ɗan Bahaushe da ɗan Gwari benci ɗaya su ke zaune.

5. Aikin malami

Masu cewa a hana suna da gaskiya ta wani gefe, bai kuwa kamata a raina ta ba. A cikin aji na mutum 50 a Birnin Gwari, da wuya a rasa wanda aka taɓa gidansu. In malami ya ɗauko Shaihu Umar ya ce wa irin wannan yaro ya tashi ya karanta wurin da aka sace Umar da babbar murya, ya yi kuskure, ko da littafin ya cika ma'aunan nan uku. Saboda haka wajibi ne malami ya san ajinsa kafin ya san littafinsa. Ya faɗa musu tun da wuri abin da ke cikin babin gobe. Kada ya tilasta wa kowa karatu a fili, kada kuma ya nuna wani da yatsa ya ce ya ba da nasa labari. In yaro ya kawo nasa don kansa, a insha'i ko a baki, sai a karɓa da natsuwa, a gyara masa rubutu kamar na kowa. Kolejojin horon malamai su ya kamata su koyar da wannan, gama ba a haifi kowa da shi ba.

Akwai kuma aikin da ke kan marubuta. Tafawa Ɓalewa ya rubuta labarin bauta shekara 30 da 'yan kai bayan zuwan Turawa, sa'ad da waɗanda aka kama aka sayar su ke da rai, ana zaune da su. Ya ɗauki abin da tsofaffi ke faɗi ƙasa-ƙasa, ya ba shi farko da tsakiya da ƙarshe, har jikokinsu suka iya karanta shi a makaranta. Yaran dajin Kamuku suna jiran wanda zai yi musu haka. In ba a yi ba, ba za su zauna ba labari ba, za su same shi a wayar hannu, inda 'yan bindiga ke nuna kuɗi da makamai, ba kaka, ba malami, ba ƙurunƙus.

Wannan shi ne abin da na gani. Ina fata malaman da ke aiki a waɗannan wurare, waɗanda suka fi ni sanin ajinsu, za su gwada ma'aunan nan a kan littattafan da ke hannunsu, su sanar da mu inda suka yi daidai da inda suka gaza. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.