Hoton Da Ya Yi Nauyi Ba Ya Shiga Ƙofar Intanet

Duk wanda ya bi ta Titin Jos ko Titin Shandam a garin Lafiya a lokacin da ake ɗaukar ɗalibai ko ma'aikata, zai ga samari da 'yan mata sun yi cincirindo a shagunan kwamfuta, kowa da takardunsa a hannu. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Nasarawa a 1996, aka kuma kafa Jami'ar Tarayya ta Lafiya a 2011, masu neman ilmi da aiki sai ƙaruwa suke yi, ga shi kuwa yawancin takardun nema yanzu ta intanet ake cika su. Sau da yawa mutum zai gama cika komai, ya zo ɗora hotonsa, sai na'ura ta ce ya yi nauyi. Kafin ya gano bakin zaren, wa'adi ya cika.

To, me ke kawo wannan nauyi? Hoton waya tarin ƙananan ɗigo ne masu launi. Wanda ke da ɗigo 4,000 a kwance da 3,000 a tsaye, ɗigo miliyan 12 ke nan, kuma da za a ajiye shi yadda yake, da ya kai megabait 36. Tsarin JPEG, wanda masana suka fito da shi a 1992, shi ke matse shi ya dawo kamar megabait 3 ko 4, ta hanyar zubar da abin da ido ba ya lura da shi, domin idon ɗan Adam ya fi kula da haske da duhu a kan bambancin launi. Duk da haka, shafukan neman aiki da yawa ba su karɓar hoton da ya wuce kilobait 100, alhali megabait ɗaya kilobait 1,000 ne. Gmail ma ba ya ɗaukar abin da ya haura megabait 25 a maƙale da wasiƙa guda.

Maganin abin hanya biyu ne. Ta farko, a yanke gefen hoton, sannan a rage tsawonsa da faɗinsa. Wanda ya rage kowannensu da rabi, ya zubar da kashi uku cikin huɗu na ɗigon. Ta biyu, a rage ingancinsa kaɗan wajen ajiyewa. Amma fa a yi a hankali, domin takardar shaidar da rubutunta ya dushe ba ta da amfani ga mai dubawa.

Akwai kuma abin lura guda biyu. Kada a taɓa hoton asali, a kwafe shi a yi aiki a kan kwafin, saboda abin da JPEG ya zubar ba ya dawowa. Haka nan, kada mutum ya miƙa takardar haihuwarsa ko katin shaidarsa ga shafin da bai sani ba don a matse masa, tun da waya da kwamfuta suna iya yin aikin ba tare da intanet ba.

Jama'a, tun da kuɗin data ya tashi a 2025, ƙaramin hoto sauƙi ne ga aljihu. A shirya takardu tun kafin a buɗe ƙofar nema, don kuwa da sanyin safiya ake kama fara. Allah Ya ba mai rabo sa'a, amin.