Ƙananan Kuɗin Tagulla na Wandalawa a Birnin Kartaj

Duk wanda ya nazarci tarihin Rumawa ya san cewa Wandalawa ba su sami kyakkyawar shaida ba, domin tun da suka ƙetaro daga Andalus zuwa arewacin Afirka a shekarar 429 Miladiyya ƙarƙashin sarkinsu Gaisarik, suka ci birnin Kartaj a 439, kana suka washe birnin Rum a 455, galibin marubuta ba su ambace su da kome ba face ɓarna. Amma akwai wata hujja da ƙasa ta adana, wadda a ganina ta fi maganar abokan gaba adalci, watau ƙananan kuɗin tagulla da aka riƙa bugawa a Kartaj, cikin ƙasar Tunisiya ta yau, zamanin mulkinsu.

Mafi ƙanƙantarsu, wanda ake kira numus, faɗinsa kimanin santimita guda ne, nauyinsa kuwa giram ɗaya ko ƙasa da haka, darajarsa kuma ƙalilan ce ƙwarai, har dokar da Ƙaisar Balantiniyan na Uku ya kafa a 445 ta ƙayyade farashin dinarin zinariya guda a kan numus 7,000 zuwa 7,200, tamkar yadda kakanninmu suke ƙirga wuri dubu-dubu. Da numus talaka yake sayen gurasa da man zaitun, kuma lalle hukumar da ta kula da abin cefanen talaka ba ta zo rushe kasuwa ba. Da lissafi ya yi nauyi, sai aka buga manya masu lamba 42, 21, 12 da 4, wasunsu ɗauke da kan doki, tambarin Kartaj ta dā wadda Rumawa suka rusa ƙarnuka kafin nan, wasu kuma da surar mace riƙe da zangarniyar alkama, alamar albarkar ƙasar da ta daɗe tana ciyar da birnin Rum.

Abin lura shi ne, ko da yake Sarki Guntamund, wanda ya yi mulki daga 484 zuwa 496, ya fara sanya sunansa a kan azurfa, magadansa Tarasamund da Hildarik da Gelima kuma suka bi sawunsa, babu ɗayansu da ya buga zinariya da sunansa, domin wannan hakkin Ƙaisar ne a al'adar zamanin. Da Belisariyus, sarkin yaƙin Rumawa, ya karɓe Kartaj daga hannun Wandalawa a 533, gidan buga kuɗin ya ci gaba da aiki da sunan Ƙaisar Justiniyan.