Babi na 9: Baƙar Robar da ke Riƙe da Gilashin Mota

Ka samu guntun tsohuwar robar gilashin gaban mota, ka sa reza ka datse shi, sannan ka dubi fuskar yankan. A jikin mota baƙin zare kawai ake gani ya zagaye gilashi, amma a yanke siffarta kamar harafin H take: tsagi biyu da suka ba juna baya. Mai faɗin shi ke haɗiye bakin gilashi, siririn kuma ya ciji bakin ƙarfen bodi, kowanne da leɓɓansa biyu. Wasu suna da tsagi na uku ta waje, inda ake cusa wani siririn zare na roba ko mai ƙyalli. Mutane da yawa sun ɗauka ado ne, har idan ya dusashe su zare shi su yar. Makulli ne. Shigarsa ce ke buɗa robar, ta tura leɓɓan su ƙara damƙe gilashi da ƙarfe. Duk wanda ya taɓa mallakar tsohuwar Bitil, ko Fijo 504 irin wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, ko ya yi yaron mota a Bedford, ya zauna da irin wannan roba shekaru, ko da bai taɓa duba cikinta ba.

Abin da ya fi burge ni a wannan fanni, wanda kuma na ga manyan kanikawa ba su yarda da shi ba sai an yi musu gardama, shi ne: roba ba ta matsuwa. Na san za a ce ga shi nan ina latsa ta da yatsa tana loɓawa. Tana loɓawa, amma ba ta raguwa. Gudu take yi gefe. Katifa ita ce ke matsuwa, don cikinta iska ce, iskar ke fita. Dunƙulalliyar roba kuwa halin tuwo gare ta: ka danne shi da mara ta sama, ya ɓullo ta gefen kwano. Da za ka yanka roba daidai cikin gwangwanin ƙarfe, babu ko ƙofar allura, ka ɗora mata turmi ka danna, ji za ka yi kamar dutse kake dannawa, don ba ta da wurin zuwa.

Saboda haka rabin aikin mai zana robar gilashi ba robar yake zanawa ba, wuraren da babu roba yake zanawa. Ɗan filin da ya bari a ƙasan tsagi, da ɗan kwarin da ke bayan leɓe, nan ne robar za ta kwarara idan an matse ta. In ya hana ta wannan fili, ƙarfin da ya kamata ta shanye sai ta miƙa wa gilashi kai tsaye, kuma gilashi ba ya yafe matsi a bakinsa. Leɓen ma da gangan ake zana shi ya fi tsagin da ake buƙata tsukewa, yadda idan gilashi ya shiga zai tanƙwara shi baya. Tun daga ranar leɓen yake ƙoƙarin komawa inda ya fito, gilashi yana hana shi. Wannan kokawa da ba ta ƙarewa ita ke tare ruwa. Ba manne wa gilashi robar ta yi ba, ba kuma toshe rami ta yi kamar tsumma a bakin tulu ba. Turawa take yi, dare da rana, har ranar da ta gaji ta amince da sabuwar siffarta. Ran nan ruwa ke fara shiga, ko da ido bai ga tsaga ko ɗaya ba. Masu masana'anta suna da gwaji na musamman kan wannan gajiya: a danne robar a cikin zafi na wasu sa'o'i, a sake ta, a auna nawa ta dawo.

Shi ya sa maganar nan da ake yi a kasuwar kayan gyara, cewa robar da ta fi tauri ita ce mai kyau, take ba ni haushi. Ana auna taurin roba da wani ma'auni da Ba'amurke Albert Shore ya ƙirƙiro a shekarun 1920, daga 0 zuwa 100. Robar gilashi galibi tana tsakanin 60 da 70, kusan taurin tayar mota. In ta wuce haka leɓen ba zai bi ƴan tudu da kwarin walda ba, in ta gaza gilashi ya riƙa rawa.

Me ya sa ma ba a ɗaure gilashin da ƙarfe kai tsaye ba? Amsar da aka saba ji ita ce zafi: wai ƙarfe yana buɗewa da rana fiye da gilashi. Gaskiya ne, amma a yi lissafi. Gilashi mai faɗin mita 1.5, idan zafinsa ya ƙaru da digiri 50, zai ƙara kusan milimita 0.7, ƙarfen da ke zagaye da shi kuma kusan 0.9. Bambancin bai wuce kaurin takarda biyu ba. Babban abokin gaba murɗewar bodi ne. Duk lokacin da taya ɗaya ta faɗa rami, tagar da gilashin ke ciki tana ɗan karkacewa, gilashi kuwa bai iya karkacewa ba. Robar ce ke tsakani tana raba faɗa.

Batun irin robar da ake amfani da ita dogon tarihi ne, zan gajarta. Robar asali ƙaron wata bishiya ce ta dajin Amazon, wadda yanzu ake nomawa har a jihohin Edo da Delta. Da can narkewa take da zafi ta sandare da sanyi, sai da Charles Goodyear ya gano a 1839 cewa dafa ta da farar wuta yana ɗaure zarurrukanta da juna. Duk da haka tana da wani rauni: iskar ozon, wadda ƴar kaɗan ce a sararin da muke shaƙa, tana yanka zarurrukan nan a duk inda robar take a miƙe. Ka duba tsohuwar roba a kusurwar gilashi, za ka ga ƙananan tsaga jere kamar tsagen fuska, kuma kullum a gicciye suke da inda aka ja ta. A farkon shekarun 1960 aka fito da robar haɗi da ake kira EPDM, wadda ƙashin bayanta ba shi da gaɓa mai raunin da ozon ke yankawa, ita ce kuma ta mamaye robobin gilashi da ƙofofi har yau. Baƙin launin daga wani gari ne mai kama da kunkunniya da ake cuɗawa a ciki, yana ƙara mata ƙarfi, yana kare ta daga rana.

Amma EPDM ba ta shiri da duk abin da ya fito daga rijiyar mai. Wani kawuna yana da 504 da yake ji da ita kamar ɗiya. Kowace Juma'a da safe yaron da ke wanke masa ita sai ya tsoma tsumma a baƙin mai ya bi robobin yana gogewa, su yi sheƙi, kawu ya tsaya yana gyaɗa kai. Na ce masa, "Kawu, man nan cin robar yake." Ya dube ni ya ce, "Kai ɗan nan, fata ma in ta bushe ba mai ake shafa mata ba?" Ba ni da amsar da zan ba shi a lokacin, don ban kai matsayin yi masa musu a gaban yaronsa ba. Damina biyu aka yi, leɓɓan suka kumbura suka yi taɓo-taɓo, suka riƙa bar wa mutum baƙi a hannu, ruwa kuma ya samu hanya ta kusurwar ƙasa yana ɗiga bayan dashbod. Roba ba fata ba ce. Tsotse man take yi ta kumbura, leɓen da ya kumbura kuwa ya daina turawa. Haka fetur, haka kananzir, haka gas. Ruwa da sabulu sun isa, in kuma dole sai an shafa wani abu, to man silikon. Abin dariya, man birki na yau da kullum bai dame ta ba, shi ya sa ma ake yin robobin cikin birki da ita. Sai dai wanda ya ce zai goge robar gilashi da shi zai ga yadda yake saɓule fenti.

Yadda ake ƙera robar gilashi kuwa kamar makaroni ne: a tura kwaɓin da ƙarfi ta wani faranti mai huji, ya fito dogo da siffar hujin, a dafa. Sai dai yana ɗan kumbura da ya fito, don haka hujin ba ya zama daidai da zanen, akan yi ta gyara shi har a dace. Kusurwoyi masu kaifi kuma dabam ake zuba su a haɗa.

Sanya ta a mota shi ne abin kallo, in ka samu wanda ya iya. Zai fara sa wa gilashin robar a kan benci, ya zagaya siririn tsagin da igiya mai ƙwari, bakinta biyu su haɗu a ƙasa, ya shafa ruwan sabulu. Yaronsa ya riƙe gilashin daga waje yana dannawa da tafin hannu, shi kuma ya shiga ciki ya kama jan igiyar a hankali. Duk inda igiyar ta fita, leɓen ciki sai ya tsallake bakin ƙarfe ya kwanta da kansa. "Oga, in buga?" "Kar ka buga, danna kawai." Mai gaggawa shi ke ɗauko sukudireba ya yi ta zungura, ya yaga leɓe, ya kankare fenti, tsatsa ta samu gindin zama a ƙarƙashin roba inda ba mai ganinta. Kuskure na biyu ya fi wannan yawa: idan robar ta ɗan gaza, sai a ja ta a miƙe don ta kai. Za ta kai a ranar. Bayan ƴan watanni ta ja jikinta ta koma, ta ɗage daga kusurwoyi, kuma mun riga mun ga abin da ozon ke yi wa roba miƙaƙƙiya. Masu sani ɗan ƙara tsawo suke yi su cusa.

A ƙananan motocin yanzu kusan duk wannan ya wuce. Tun daga shekarun 1970 aka riƙa komawa liƙa gilashi da wani gam mai ƙarfi, foliyuretan, musamman bayan da dokokin Amurka suka nemi gilashi ya zauna daram idan an yi karo. Gilashin ya zama wani ɓangare na ƙarfin bodi, kuma a motoci da yawa a jikinsa jakar iska ta fasinja take dogara idan ta buɗe. Siririyar robar da ake gani a gefensa rufa asirin gam ɗin kawai take yi da rage ƙarar iska. Mai irin wannan mota da ke yoyo, in ya canza wannan siririyar roba, ya yi asarar kuɗinsa ne. Tsohuwar mai siffar H tana nan a tarakta, da katafila, da manyan motoci da bas-bas da yawa, inda ake son a canza gilashi a bakin hanya ba tare da jiran gam ya bushe ba. Baƙin layin nan da ke zagaye da gilashin zamani, mai ƙarewa da ɗigo-ɗigo, fenti ne da aka gasa a jikin gilashi don ya kare gam ɗin daga rana, ya kuma ba shi wurin kamawa.