Ciwon damuwa: shin magana tana iya kashe garwashin da ke cikin jini?

A kasuwar Maraɗi ko a ofisoshin gwamnati na Yamai, da wuya a ji magidanci ya buɗe baki ya ce yana fama da ciwon damuwa, wato abin da lokotoro ke kira "depresiyo". Abin da zai faɗa shi ne jikinsa ya mutu, gaɓoɓi na ciwo, barci ya ƙaurace masa, abinci kuma ba ya shiga. Sai a aika shi awon zazzaɓin cizon sauro, in ba a ga kome ba a rubuta masa ardanas ta ƙarin jini ya koma gida. An daɗe ana ɗaukar irin wannan koke a matsayin kewaye-kewayen mutumin da ke jin kunyar faɗin abin da ke ransa. To amma binciken da aka yi cikin shekaru talatin da suka shige ya nuna cewa, ga wasu majinyatan, jikin ma da gaske yake yi.

Abin da masana suka sa wa ido shi ne kumburi. Kowa ya san shi in ƙaya ta soki ƙafa: wurin ya yi ja, ya ɗauki zafi, ya tashi. Aikin garkuwar jiki ne. Fararen ƙwayoyin jini suna sakin wasu sinadarai da ake kira sitokin, waɗanda ke kai saƙo ko'ina cewa an shiga yaƙi. Ɗaya daga cikinsu, IL-6, yana umartar hanta ta fitar da wani sinadari mai suna CRP, wanda aka gano tun 1930 a birnin Niyok, kuma shi ne ake aunawa a ɗakin awon jini. Saƙon yana isa har ƙwaƙwalwa, shi ya sa mai masassara yake ƙin abinci, yake ƙin hira, yake neman ɗaki ya kwanta. Wannan janyewa tana da amfani na ƴan kwanaki. Matsala tana tasowa ne idan wutar ta ƙi mutuwa, ta zauna kamar garwashi cikin toka, babu kumburin da ido ke gani amma jini na ɗauke da alamarsa wata da watanni.

Hujja mafi ƙarfi ta fito ne daga wani magani mai suna interferon, wanda aka daɗe ana ba masu ciwon hanta da masu wata irin sankarar fata, aikinsa kuwa tayar da garkuwar jiki. A 2001, likitocin jami'ar Emory da ke Atlanta a Amurka suka bi sawun masu sankara 40 da ke karɓar wannan magani. Cikin waɗanda ba a ba su maganin kariya daga damuwa ba, kashi 45 cikin 100 sun faɗa cikin ciwon damuwa sosai. A 2014 kuma wani bincike kan yaran yankin Bristol a Ingila ya nuna cewa waɗanda IL-6 ɗinsu ya yi sama suna da shekara 9 sun fi kamuwa da damuwa da suka kai 18.

Sai dai akwai wani adadi da bai kamata a manta da shi ba. Da aka tattara bincike masu yawa a 2019, an samu cewa kimanin kashi 27 cikin 100 na masu ciwon damuwa ne CRP ɗinsu ya haura miligiram 3 a lita. Wato wajen mutum uku cikin huɗu ba su kai wannan mizani ba. Duk wanda ya ce damuwa kumburi ce kawai, ya faɗi abin da masu binciken kansu ba su faɗa ba.

Hanyar kuma ba ta tafiya ɗaya ba ce: yadda jini ke taɓa tunani, haka tunani ke taɓa jini. A 1995 Janice Kiecolt-Glaser ta jami'ar jihar Ohio ta yi wa wasu mata ɗan ƙaramin rauni a hannu, da yardarsu. Rabinsu suna jinyar ɗan uwa mai ciwon mantuwa na tsufa, dare da rana. Raunin masu jinyar ya ɗauki wajen kwana 9 fiye da na sauran kafin ya warke. Ɗaya daga cikin dalilan da masana ke bayarwa ya shafi kortizol, sinadarin da jiki ke fitarwa lokacin firgici, wanda a ka'ida shi ne ke tsawata wa kumburi ya lafa. Idan tashin hankali ya daɗe, sai ƙwayoyin garkuwa su daina jin tsawarsa, kamar yaron da ake yi wa faɗa safe da yamma har faɗan ya zame masa kiɗa. Ma'aikatan da suka ga watannin da albashi ya yi ta maƙalewa a shekarun 1990, da ƴan kasuwar da karyewar darajar sefa ta Janairun 1994 ta ninka musu kuɗin kayan waje dare ɗaya, ba sa bukatar a yi musu bayanin abin da ake nufi da tashin hankalin da ya daɗe.

Daga nan ne tambaya ta taso: idan tunani na hura wutar, ko gyara tunani zai rage ta?

Jinyar magana da aka fi gwadawa ita ce wadda Aaron Beck, likitan ƙwaƙwalwa na jami'ar Pennsylvania, ya tsara a shekarun 1960. Ta bambanta da nasihar "ka yi haƙuri" da ake yi a ƙofar gida. Ana zama sau ɗaya a mako, galibi na wata uku zuwa biyar. Ɗan kasuwar da dukiyarsa ta salwanta zai ce: "Na ƙare, kowa dariya yake mini." Mai jinyar ba zai musa masa ba, zai tambaye shi: wa da wa suka yi dariyar, wa ya zo jaje, me ya rage a rumfa, bashin nawa ne daidai in an rubuta shi a takarda? Sannan su tsara ƙananan ayyuka na mako: fita da safe, komawa majalisa, zuwa wurin mai bin bashi guda ɗaya maimakon ɓuya daga dukansu. Lissafi ne ake yi wa tunani, irin wanda ɗan kasuwa ya saba yi wa kaya.

A 2020 masu bincike uku na Amurka, Shields da Spahr da Slavich, suka haɗa gwaje-gwaje 56 da suka ƙunshi mutum 4.060. Sun samu cewa waɗanda aka yi wa irin wannan jinya, alamun garkuwa masu cutarwa sun ragu a jininsu da kimanin kashi 18 cikin 100 idan aka kwatanta da waɗanda ba a yi wa ba, kuma bambancin yana nan aƙalla wata shida bayan an gama zaman. Tsarin Beck da zaman rukuni su ne suka fi nuna sakamako mai ɗorewa.

Labari ne mai daɗi, amma a karɓe shi da awo. Da yawa daga cikin mutanen nan masu sankara ne ko masu ɗauke da ƙwayar sida, ba masu ciwon damuwa zalla ba. Gwaje-gwajen da aka yi kan masu damuwa kaɗai ƙanana ne, wasu sun ga raguwa, wasu ba su ga kome ba. Sannan akwai tambayar ko maganar ce da kanta take aikin, ko kuwa abin da ta jawo. Mutumin da ransa ya fara sanyi yana komawa barci, yana tafiya da ƙafa, yana rage taba, kowanne daga cikin waɗannan kuwa yana saukar da kumburi. A jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, Michael Irwin ya nuna a 2014 cewa tsofaffin da aka yi wa jinyar magana saboda rashin barci sun fi sauran samun saukar CRP. Ga mai ciwon, ko ta wace ƙofa sauƙin ya shigo duk ɗaya ne, musamman da yake an san masu damuwa sun fi kamuwa da ciwon zuciya, kuma kumburin ɓoye na cikin abubuwan da ake zargi.

Wani zai ce, to me zai hana a sha maganin kumburi a huta? An gwada. A 2013, a Emory, an ba masu damuwa mai taurin kai 60 wani magani mai ƙarfi, infliximab, ko ruwan da babu magani a ciki. A jimlace bai fi ruwan ba. Waɗanda CRP ɗinsu ya haura miligiram 5 ne kawai suka nuna alamar amfana, masu ƙarancinsa kuwa ruwan ya fi musu. Saboda haka diklofenak da ibuprofen da ake saya a tire bakin tasha ba maganin damuwa ba ne, yawan shansu kuma na jawo gyambon ciki da lalacewar ƙoda. Awon CRP shi ma ba ya nuna damuwa: zazzaɓin cizon sauro, ruɓaɓɓen haƙori ko ƙiba duk suna ɗaga shi.

Saura batun wa zai yi jinyar, a ƙasashen da likitocin ƙwaƙwalwa ba su da yawa. A Harare ta Zimbabuwe, likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata ma'aikatan lafiya na unguwa, suka riƙa zama da majinyata a kan benci a harabar ƙananan asibitoci, zama shida kowanne. A gwajin da aka wallafa a 2016 kan mutum 573, bayan wata shida kashi 14 cikin 100 ne kawai na waɗanda suka zauna a bencin ke da sauran alamun damuwa, a ɗaya ɓangaren kuwa rabi ne. Sunan ciwon a harshen Shona, "kufungisisa", ma'anarsa yawan tunani.

Ma'aunin da likitoci ke bi shi ne mako biyu: idan baƙin ciki ko rashin sha'awar kome ya kai haka kusan kullum, tare da rikicewar barci, cin abinci ko ƙarfin jiki, a faɗa wa lokotoro dukan alamun, na jiki da na rai. Wanda ya fara zancen mutuwa ko kashe kansa kuwa ba a jira da shi, a kai shi asibiti a ranar. A Yamai, sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na babban asibitin ƙasa shi ne wanda aka sani da Pavillon E.