Ko Kun Sani? Da Ƙafa Aka Taɓa Auna Harajin Gona a Kano

Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, sun tarar manoma na biyan kuɗin ƙasa, kuɗin shuka da kuɗin rafi, galibi da wuri. Ba a daɗe ba suka kawo tsarin taki a gundumomin da ke kewaye da birnin, inda gona ke manne da gona. Ma'aikatan da ake kira malaman taki su ne ke bin gonaki, su taka tsawo, su taka faɗi, suna ƙirgawa, sannan a yanka wa mai gona haraji gwargwadon girmanta. Matsalar a bayyane take: takun dogo ba ɗaya yake da na gajere ba, kuma gonakin Kano ba kasafai suke da kusurwa huɗu daidai ba. Ke nan abin da manomi zai biya ya rataya ne a ƙafar malami da amanarsa.

A wajen hatsi kuwa tsohon awo bai gushe ba. Kilo ya shigo, amma har yau a kasuwar Dawanau da ta Ɗambatta, da tiya da buhu ake cinikin gero.