Kalmomin Gida a Darasin Kimiyya na Makarantun Firamare

Tun shekarar 1973, lokacin da aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda yara ke fara karatu da Hausa kafin su shiga Faransanci, maganar kalmomin kimiyya ba ta daina tasowa ba tsakanin masu tsara littattafai. Galibi akan ɗauka cewa matsalar ita ce rashin kalma, wato abin da ba shi da suna a Hausa, kamar iskar oksijin, sai a ƙirƙira masa ko a aro. Wannan aiki ne mai muhimmanci, yana kuma cikin ayyukan cibiyar INDRAP da aka kafa a 1974. Amma wahalar da ta fi girma a aji tana wajen kalmomin da yaro ya riga ya sani, ya zo da su daga gida tare da ma'anarsu.

A ɗauki kalmar narkewa. Bahaushe yakan ce man shanu ya narke a rana, ya kuma ce gishiri ya narke cikin ruwa. A wajen kimiyya waɗannan abubuwa biyu ne daban. Na farko, zafi ne ya mai da daskararren abu ruwa-ruwa, in ya huce ya sake daskarewa. Na biyu kuwa, gishirin ne ya warwatsu cikin wani abu dabam, ko da ruwan mai sanyi ne. Yaron da aka ba kalma ɗaya a darasi biyu zai ɗauka gishirin ya zama ruwa. Wannan ba naƙasar Hausa ba ce, don Faransancin yau da kullum ma yakan yi amfani da kalma ɗaya, fondre, ga man shanu da sukari, sai a littafin makaranta ake keɓe dissoudre.

Kafin a nemi sabuwar kalma, ya kamata yaro ya ga bambancin da idonsa. A narkar da gishiri cikin ruwa kaɗan, a zuba a tasa, a aje a rana. Idan ruwan ya ƙafe, gishirin zai bayyana a gindin tasar. Haka masu aikin gishiri na Bilma da Tigidda-n-Tesum suke samun nasu, ta hanyar barin ruwan gishiri a rana. Bayan wannan gwaji ne malami zai iya cewa akwai narkewa da zafi, akwai narkewa cikin ruwa, yaran kuma su gane abin da ya raba su. Jimla gajera irin wannan ta fi ƙirƙirarriyar kalmar da ba wanda ya taɓa ji.

Gwajin nan kansa yana ta da wata tambaya: ina ruwan ya tafi? Ƙafewa tana nuna cewa ruwa ya ƙare, ba ta faɗin inda ya nufa, a gida kuwa cewa ake yi rana ta shanye shi. Tururi kuma yaro ya san shi a bakin tukunya, yana ganinsa, da wuya ya yarda akwai wanda ke tashi daga tabki ba a gani. Nan tulu yake da amfani: ruwan da ke tsattsafowa ta jikinsa yana tashi cikin iska, yana ɗauke zafi, shi ya sa na ciki yake sanyi.

Akwai irinsu da dama. Iska ita ce wadda ake shaƙa, ita ce mai kaɗawa, ita ce kuma aljani. Ƙwaro a bakin jama'a ya haɗa da kunama da gizo-gizo masu ƙafa 8, alhali rukunin da darasi yake nufi na masu ƙafa 6 ne, kamar fara da sauro da ƙuda.

Saboda haka jerin kalmomin da ake ba malamai, Faransanci a hagu Hausa a dama, bai wadatar ba. Kowace kalma ta gida da aka ɗauka tana bukatar bayani a ƙarƙashinta: ma'anarta a bakin jama'a, iyakar da aka sa mata a darasi, da gwajin da zai nuna iyakar da kayan da ake samu a ƙauye. Ya kamata kuma a gwada ta da yara a Maraɗi da Tawa da Dogonduci kafin a buga littafi, tun da karin harshen waɗannan wurare ba ɗaya ba ne da na Damagaram.